Yadda Rijiyar Malam Ta Kwantar da Inno

Alhamdu lillahi, Inno ta miƙe. Na fara da wannan ne don kada hankalin kowa ya tashi. Tsohuwar tana nan a ɗakinta a Ƙofar Rini, tana cin tuwonta, tana yi wa jikoki faɗa, jiya-jiyan nan ma ta ce rigar da na ɗinka mata ta yi kama da buhun gero. Na zauna rubuta abin da ya same mu ne saboda masu rijiya a tsakar gida, musamman irin gidajenmu na cikin gari da kullum ake ƙara ɗaki a jikin ɗaki.

Sunana Luba, tela ce ni, aure ya kai ni Runjin Sambo. Inno kakata ce, mahaifiyar babana, kuma a hannunta aka yaye ni, shi ya sa duk cikin jikokinta ni kaɗai nake da bakin mayar mata da magana. Mijinta, Malam, ya rasu tun ina ƙarama. Ya bar 'ya'ya, ya bar littattafai, ya bar rijiyar da ya sa aka haƙa shekarar da aka kawo Inno amarya. Littattafan suna hannun Baffa Haliru, ƙanen babana, wanda ya gaji zaure da karantarwa. Rijiya kuwa ta Inno ce, ba wanda ya taɓa faɗa, amma kowa ya sani.

Ruwan rijiyar nan garai-garai yake, ga sanyi, sai dai nauyi. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa sai ka sha wuya, kuma duk butar shayin da ta shekara a gidan za ka tarar da farin ɓawo ya lulluɓe gindinta. Saboda haka mu 'yan baya duk muka koma ruwan leda, muka bar wa rijiya wanka da wanki da alwala. Inno ce kawai take sha. Kullum bayan ta idar da sallar safe sai ta fito ta sa a jawo mata gugan farko, ta cika moɗarta, ta ɗan motsa baki, sannan ta sha. Mun tashi mun ga tana yi, mun ɗauka addu'a ce.

Ciwon ya fara ne wajen ƙarshen damina. Zazzaɓi da ciwon kai, kowa ya ce sauro ne, aka sayo magani a kemis. Makon farko haka ya wuce, yau ta tashi gobe ta kwanta. A mako na biyu ciki ya ɓaci, abinci ya ƙi zama, Inno da ba ta barin kwano da saura ta koma kallon tuwo kamar wanda ya yi mata laifi. Nan na rufe shago na dawo gida da jakata.

Masu dubiya kuwa ba a magana. Wannan ta ce shawara ce, a jiƙa sabara. Waccan ta ce basir ne ya hau sama. Wata tsohuwa daga bayan gidanmu ta rantse cewa iska ce, don ita ma haka ta yi shekarun baya. Gwaggo Hajo, autar Inno, mace mai kirki da saurin hawaye, ba ta iya mayar da shawarar kowa, duk abin da aka faɗa sai ta jiƙa. Baffa kuma yana aiko da rubutu safe da yamma. Allah Ya saka wa kowa, da zuciya ɗaya suka yi. Amma jiƙon nan da rubutun nan duk da ruwan rijiya ake haɗa su, don a ganinmu babu ruwan da ya kai na Malam albarka.

Ranar da ta kasa tashi alwala muka ɗauke ta a keke zuwa asibiti. Ba zan ɓoye ba, na yi fushi ranar. Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin awon jini daban, kowanne sai ka ce rabon zakka ake yi. Tsohuwa tana kwance a benci, kanta a cinyata, wani ma'aikaci yana wucewa yana cewa mu gyara hanya. Amma kuma a layin nan wata mata da ban san ta ba ta ba mu gurbinta, ta ce nata ciwon zai iya jira. Har yau ina sa ta a addu'a.

Likitar da ta karɓe mu Babarbariya ce, doguwa, mai fara'a. Tana duba katin ta ga sunan gidanmu ta ce, “To, Allah Ya kawo mini Bafillatana hannuna. Yau sai abin da na ce.”

Inno da muke zaton ko magana ba za ta iya ba ta buɗe ido ɗaya. “Luba, tashi mu tahi gida. Tun yaushe Barebari sunka san magani?”

Dariyar da na yi ranar ita ce ta farko cikin kwanaki. Awo ya nuna taifot. Aka ba ta gado, aka ɗaura mata ƙarin ruwa, aka bi da allurai. Aljihun gida ya ji jiki, ba sai na tsaya lissafi ba, amma kafin mako ya zagayo Inno ta fara neman fura, ta fara ƙorafin cewa matar gadon kusa da ita tana minshari. Aka sallame mu muna murna, har Gwaggo ta yi waina sadaka.

Murnar ba ta daɗe ba. Muna gida ba da jimawa ba ciki ya sake ɓaci, wannan karon ya fi na farko. Ta rame har zoben da ya shekara arba'in a yatsarta ya fara zamewa. Muka koma asibiti, gado ɗaya, likita ɗaya, amma likitar ta rage wasa. Ta tambaye ni ko an sha magani daidai, na ce da hannuna nake ba ta. Ta tambayi abinci, na lissafa. Tana cikin rubutu sai ga Gwaggo Hajo ta shigo da 'yar jarka a lulluɓe da tsumma mai laima, ta zuba a moɗa ta miƙa wa Inno.

“Wannan fa?” in ji likita.

“Ruwan gida na,” in ji Gwaggo. “Ba ta shan wani. Kullum ni ka kawo mata, ko waccan kwanciya ni nik kawo.”

Likita ta ajiye biro. Ta karɓi moɗar daga hannun Inno a hankali, ta ɗora a kan taga. “Ni ina korar cuta ta ƙofa, ku kuna shigo da ita ta taga,” ta ce. “Daga yau ba za ta ƙara shan ruwan nan ba sai an gwada shi.” Ta kwatanta mini ɗakin gwajin ruwa inda ake karɓar na masu rijiya da burtsatse. Wannan magana ta ƙofa da taga ta zauna mini a kai har yau.

Da labari ya kai wa Baffa Haliru ransa ya sosu. Mutum ne mai haƙuri, amma taɓa rijiyar mahaifinsa kamar taɓa rawaninsa ne. Da la'asar ya kira ni tsakar gida, ya sa aka jawo guga, ya zuba a farin kwano. Ya ɗaga shi a rana ya duba. Ya kai hanci ya shinshina. Ya kurɓa ya juya a baki.

“Luba, ke ma kin yi karatu gidan ga. Abu nawa ka ɓata ruwa?”

“Uku, Baffa. Launi, da ɗanɗano, da wari.”

“To wane yac canza?”

Na duba, na shinshina. Gaskiya babu ko ɗaya.

“Ruwan ga mai tsarki na,” ya ce. “Da shi Malam yay yi alwala hay yab bar duniya. Amma kai musu su gani, kak ki ce Baffa ya hana.”

Ni kaina na fita daga gidan ina jin kunyar abin da zan je yi. Tun muna yara abin da aka koya mana ke nan, kuma daidai ne: ruwan da bai canza launi ko ɗanɗano ko wari ba, ruwa ne mai tsarki. Ba wanda ya taɓa zama a gidanmu ya raba tsarki da tsafta, don a bakinmu kusan kalma ɗaya ce.

Gwaggo ta cika mini robar lemo da ta wanke da sabulu har tana ƙyalli. Na hau kabu-kabu na kai. Mutumin ɗakin gwajin, wani mai gilashi da sanyin murya, ya dubi robar ya yi murmushi, ya ce in na bar wannan, sabulun Gwaggo da lemon kamfani zai gwada. Ya ba ni kwalbarsu a rufe, ya ce kada a ɗauraye ta, kada a taɓa bakinta, a cika a rufe a sa cikin ƙanƙara a kawo da wuri. Da na koma gida sai da na yi kokawa da Gwaggo, don ta rantse ba za a zuba ruwan Malam a kwalbar da ba ta wanke da hannunta ba. Na ɓoye kwalbar a cikin hijabina har aka jawo guga.

Ya ce sakamako sai bayan 'yan kwanaki, don abin da suke nema sai an ba shi lokaci ya tsiro. Kwanakin nan su ne mafi nauyi a duk jinyar, domin Inno ta ƙi shan ruwa. Na kawo na leda ta ce warin roba. Na kawo na gora ta ce wannan ruwan bai da uwa bai da uba. Leɓenta ya bushe ya tsage, hannunta duk ya kumbura da hujin ƙarin ruwa, har nas ta fara neman jijiya a ƙafa. Likita ta kira ni gefe ta ce magani yana aikinsa, amma jikin tsohuwa ba zai jure ƙishirwa ba. Tsoro ya kama ni sosai. Na ga za mu rasa ta, ba don ciwon ya fi ƙarfin magani ba, sai don taurin kai.

Da hantsi, ɗakin ya yi shiru masu dubiya ba su fara zuwa ba, na zauna bakin gado da kofi a hannu. Na gaji da lallashi, sai na koma halina.

“Inno, wai ke mi a cikin ruwan ga? Zuma anka zuba? In mutuwa ki ka so ki hwaɗa mani in koma shagona, ɗinkin mutane na jirana.”

Ta lumshe ido har na ɗauka ta yi barci. Can ta ce, “Ke ɗiyag ga ba ki da kunya.” Ta juyo da fuska. “Sa'ad da anka kawo ni gidan ga, nesa mu ka ɗebo ruwa. Wata rana nif faɗi da tulu, ƙahwata ta gurɗe. Malam bai ce komi ba. Kwana kaɗan sai ga masu haƙa. Ran da ruwa yaf fito, shi yaj jawo gugan hwarko da hannunai, yab ba ni. Kullum sahe haka shi ka yi, hay yat tahi. Mutanen zamaninmu ba su hira irin taku, Luba. Gaisuwammu ke nan.”

Na ajiye kofin da ke hannuna, ta ci gaba.

“To yanzu da ba shi nan, in nic cika moɗa sai in ce mai ina kwana, in sha. Ku kuna cewa addu'a ta. Shekara nawa ban hwasa ba, sai yanzu wata Babarbariya ta ce in bar gaida mijina?”

Ni da na zo da tsiya sai ga ni ina share hawaye da gefen hijabi. Na tashi na nemi likita na faɗa mata yadda muka yi. Da ta ji, sai ta ce a jawo ruwan, a tafasa shi sosai har ya yi ta ɓararraka, a bar shi ya huce a rufe, a ba ta. Na kira Gwaggo a waya. Kafin azahar ga jarka ta iso.

Inno ta kurɓa, ta yamutsa fuska. “Kun dahe mai rai,” ta ce. “Kamar a gaida mutum ta waya.” Amma ta shanye, ta miƙo moɗa a ƙara. Daga ranar jikinta ya fara dawowa.

Da na koma ɗakin gwaji mai gilashin ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Nauyin da muke ƙorafi a kai, ya ce, daga dutsen farar ƙasa ne da ke ƙarƙashin garin, shi ke hana sabulu kumfa, shi ke barin ɓawo a buta. Na rijiyarmu yana da yawa, amma ba shi ya kwantar da tsohuwa ba. Abin da ya kwantar da ita ido ba ya gani, hanci ba ya ji, harshe ba ya ɗanɗana: ƙwayoyin cuta irin na bayan gida. Wato abin da ya kore mu daga rijiyar bai da laifi, mai laifin kuma shekaru da an tambaye mu da mun rantse babu shi. Sannan ya tambaye ni ko akwai salga kusa da rijiyar.

Akwai kuwa. Bara da za a yi auren ɗan Baffa an gina masa ɗaki da bayi a cikin gidan. Na tuna yadda Baffa ya tsaya a kan magina da kansa, yana juya su, don kada mai shiga bayin ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. An gwada wannan kusurwa ba ta yi ba, an gwada waccan ba ta yi ba, har aka samu wadda ta dace, aka haƙa ramin a can. Kusurwar nan katanga ɗaya ce tsakaninta da rijiya. An auna gabas sosai, ba wanda ya auna ƙasa. Damina ta zo ta haɗa su ta ƙarƙashi.

Na sami Baffa a zaure bayan ɗalibai sun tashi. Na durƙusa na faɗa masa komai, ina zaɓen kalmomi. Bai katse ni ba. Ya tashi ya shiga gida, ya tsaya tsakanin katangar da rijiyar, yana duban wannan yana duban waccan.

“Inna lillahi,” ya ce a hankali. “Uwata nis so in kashe da hannuna.”

Na ce ba haka ba ne, kowa yana gidan aka gina, ba wanda ya kawo wannan a ransa. Ya gyaɗa kai. Can sai na ga gefen bakinsa ya motsa.

“Amma ki shaida, Luba, hukuncin alwala nib ba ki rannan. Ba ki tambaye ni hukuncin sha ba.”

“Baffa, ai kai ma ka kurɓa.”

“Na kurɓa, kuma cikina ya ba ni amsa kwana biyu, ban dai hwaɗa ma kowa ba.”

Muka yi dariya har Gwaggo ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Washegari ya tara ɗalibansa ya karantar da su babin ruwa daga farko, ya ce tsarki na ibada ne, tsafta ta ciki ce, kada wanda ya ƙara ɗaukar ɗaya ya auna ɗaya da shi. Ya ce su je su duba gidajen iyayensu.

Aikin bai zo da sauƙi ba. An kwashe salgar an cike ramin, an haƙa wata can ƙarshen gida bayan Baffa ya auna gabas ya kuma auna nisa. Aka kira masu yasa suka kwashe ruwan da laka, aka ɗaure bakin rijiyar da siminti, aka yi mata murfi, aka zuba maganin da mai gilashi ya kwatanta, aka rataye guga a ƙusa maimakon yar da shi a ƙasa. Ana cikin haka aka sallami Inno. Ranar fitarta likita ta ce, “Bafillatana, kin ga Barebari sun iya magani?” Inno ta ce, “Allah yay yi, ke kin dai riƙe biro.” Sannan ta kamo hannunta ta daɗe tana sa mata albarka.

A gida ta ci gaba da shan dafaffe tana mita. Gwaji na biyu ya nuna da saura, muka ƙara magani muka ƙara jira, ta ce ni da mai gilashi mun haɗa baki. Na uku ya fito fes. Mutumin ya ce duk da haka a riƙa kawowa ana dubawa, musamman bayan damina, kuma in an ga ciki ya fara ɓaci a gida a koma tafasawa. Wannan shi ne saƙona ga duk mai rijiya: haskenta ba shaida ba ne, ku kai a gwada, kuma kafin a haƙa ramin bayi a tambayi inda rijiya take, har ta maƙwabta.

Ranar da za a buɗe mata rijiyar, duk gidan ya fito tsakar gida bayan sallar safe, har Gwaggo da ta fara kuka tun ba a yi komai ba. Inno ta fito da sandarta da moɗarta, sanye da rigar nan mai kama da buhun gero. Na kai hannu zan ɗauki guga, Baffa ya ce in bari. Ya naɗe hannun riga, malami guda mai furfura, ya zura igiya da kansa, ya jawo, ya durƙusa ya cika wa mahaifiyarsa moɗa.

Ta riƙe ta da hannu biyu. Na matsa kusa, don wannan karon ina son in ji da kunnena. Ba ta ɓoye ba, ba ta ma rage murya ba.

“Ina kwana, Malam,” ta ce. “Kwana biyu. Yaran ga na sunka hana ni.”

Ta kafa kai ta shanye tas.